Ibn Zuraiƙ: talauci ne ya raba shi da matarsa ko ƙafar yawo?

Abdul Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan gida. Dan Allah akwai abin da yake cina tun shekaranjiya, nace bari in kawo shi nan ko na samu sauƙi. Wani abokina ne ya turo min ƙasidar nan ta Ibn Zuraiƙ mutumin Bagadaza, wani mai murya ya rera ta ba kiɗa ba komai an sa fassara a ƙasa, wallahi na saurara ya fi sau goma, jiya ina shago ina manna wa wani gilashin waya sai da ya tambaye ni ko lafiya don ya ga idona ya ciko. Ga wanda bai san labarin ba, ance mutumin talaka ne a unguwar Karkh, yana da mata yana mutuwar sonta, sai yace zai tafi Andalus, yankin Sifen na yanzu, ya yi wa wani sarki waƙa ya samo abin da za su rufa wa kansu asiri, ta roƙe shi ta roƙe shi kar ya tafi ya ƙi ji. Ya je ya yi waƙar aka ba shi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya koma masauki baƙin ciki ya kwantar da shi, da sarkin ya aiko a nemo shi don ya ba shi kyautar gaske sai aka tarar rai ya yi halinsa, takardar waƙar tana wajen kansa. Toh kowa sai cewa yake wai ba a taɓa waƙar soyayya mai taɓa zuciya irinta ba, ni kuma da na nutsu sai naga kaman mutumin nan tafiyar ya fi so a kan matar. Ko ni ne ban gane ba?

Nura Kwari:
Wa alaikumus salam. Haba Abdul, ka taɓa wayar gari ba ko na koko a aljihunka ga mata tana kallonka? Zomo ba ya kamuwa daga zaune ai. Mutum ya ɗau ƙafa daga Bagadaza har Andalus, tafiyar da ko a miƙe aka auna ta fi kilomita 4,000, ba mota ba jirgin sama, kace wai yawo yake so? Don ita ya yi. Shi da bakinsa ya faɗa a waƙar cewa ta yi ta magiya kar su rabu amma larura ba ta karɓar ceto. Larura fa yace.

Abdul Gwammaja:
Na ga wannan baitin yaya Nura, amma ka ƙarasa sauraro mana, akwai inda shi da kansa ya warware maganar.

Malam Tukur:
Salamu alaikum. Wannan ƙasida na jima ina karantar da ita, bari in sa baki. Sunansa Abul Hasan Ali bn Zuraiƙ, ana sa rasuwarsa wajen shekara ta 420 bayan hijira, wato 1029, kuma ita kaɗai aka san shi da ita shi ya sa wasu ke ce mata marainiya, wajen baiti 40 ce a kan awon waƙar da ake kira bahrul basiɗ, amsa-amonta harafin aini. Abu na farko da nake so ku lura, labarin sarki da ƙaramar kyauta da mutuwa a masauki duk babu shi a cikin baitocin. Ka karanta daga farko har ƙarshe za ka ji Bagadaza za ka ji Karkh, ba za ka ji Andalus ba ba za ka ji sunan sarki ba. Masu ruwaya ne suka kawo labarin, irin su Ja'afar Assarraj mai littafin da ya tattara labaran masoyan da so ya kayar, har akwai masanan da ke shakkar labarin. Don haka idan za mu yi wa mutumin hukunci gara mu yi da abin da ya fito daga bakinsa.

Kuma abin da ya fito daga bakinsa yana tare da Abdul ta wani ɓangaren. Yace shi mutum ne da bai taɓa dawowa daga wata tafiya ba face wani tunani ya sake zaburar da shi zuwa wata tafiyar, kamar an ɗora masa aikin auna faɗin ƙasar Allah da kamu. Ku tsaya a kan wannan. Wanda yunwa ta kora sau ɗaya ba ya magana haka. Wannan ya sha tafiya ya sha dawowa, kuma duk dawowar da ya yi matar tana nan a gida, amma zaman bai yiwu ba.

Nura Kwari:
Allah ya gafarta Malam, toh ai duk dawowar ma hannu rabbana yake dawowa shi ya sa yake komawa. Da ya samu da ya zauna.

Malam Tukur:
Zai iya yiwuwa Malam Nura. Kuma ba a banza ɗan Bagadaza zai yi mafarkin Andalus ba, an yi waɗanda suka je suka dace. Ziryab mawaƙi ya isa Ƙurɗuba babban birnin Andalus a 822 zamanin Abdurrahman na biyu aka yanka masa albashi ya zama ɗan gaban goshin fada, Abu Ali Alƙali malamin lugga shi ma daga Bagadaza ya taso ya isa a 942 aka karɓe shi hannu bibbiyu. Irin labaran nan su ke dawowa gida, na waɗanda suka mutu a hanya ba mai kawo shi. Sai dai idan shekarar da ake faɗa daidai ce, ya je ne a mummunan lokaci, don tun 1009 fitina ta ɓarke a Ƙurɗuba ana ta kashe-kashen sarauta har halifancin ya rushe a 1031. Wato ya bi labarin da ya riga ya tsufa.

Maman Ilham:
Ni tun ɗazu nake karantawa ina cewa ba zan yi magana ba amma na kasa. Malam wannan maganar taka ta ƙarshe wallahi kaman a gidana ka tsaya ka faɗe ta. Baban Ilham yau shekara biyu da wata huɗu rabona da shi in ba a waya ba. Ba za a ce muna cikin daula ba amma muna ci muna sha, yana da kekensa na ɗinki da yara biyu masu koyo, kawai wani abokinsa ya dawo daga Libiya ya yi gini ya sa tayil har waje shikenan hankalinsa ya tashi, ya daina barci, da daddare sai in farka in gan shi zaune bakin katifa yana lissafi a waya. Ba irin roƙon da ban yi ba, na sa Innarsa ta yi masa magana na sa limamin layinmu, ranar da zai tafi na ɓoye masa takalmi ɗaya a cikin buhun gawayi kaman wata yarinya, ya fita da silifas ɗin banɗaki. Takalmin yana nan har yanzu na wanke na ajiye. Kuma yaya Nura ina so ka ji, ni ban taɓa ce masa ya kawo min tayil ba. Idan namiji yace don ke na tafi, a tambayi ke ɗin mana ko ta aike shi.

Nura Kwari:
Allah ya ba ki haƙuri 'yar'uwa, Allah ya dawo miki da shi lafiya. Ban faɗa don in taɓa ki ba wallahi. Amma ku ma ku gane mana, akwai kunyar da namiji ke ji ranar suna ko ranar sallah da ba ya iya faɗa wa matarsa.

Maman Ilham:
Amin na gode. Na san da kunyar, ai tare muke jinta.

Ɗan Damagaram:
Salam. Ni ba na cika magana a nan ba amma wannan zance nawa ne. Na yi shekara uku a Sabha ta Libiya ina aikin gini, na dawo da ɗan abin da Allah ya hore, na biya bashi na sayi fili na kama ɗan tebur a kasuwa. Satin farko kamar aljanna, iyalina ta yi min fura da hannunta 'yan'uwa suna ta zuwa barka da sauka. Wata biyu kawai sai na fara jin ɗaki yana matse ni, in na ji ƙarar babbar mota da asuba sai gabana ya faɗi ina jin kamar an tafi an bar ni, jakata ma ban taɓa kwance ta duka ba tana bisa kwaba da bargo a ciki. Kuma Allah shaida ina son matar nan, a can kullum da hotonta nake kwana, na sha yin kuka a kan buhun siminti. Amma ga ta a gabana ina tunanin hanya. A can ina begen gida, a gida ina begen can. Da Malam ya kawo baitin auna ƙasa sai da na ajiye waya na fita waje. Don haka Abdul ni ina ganin kuskurenka ɗaya, ka ɗauka dole ɗaya ya fi ɗaya. Duka biyun suna cikin mutum ɗaya kuma ba sa ga maciji.

Abdul Gwammaja:
Kai subhanallah. Toh amma ɗan'uwa in son ya kai so ai ya kamata ya iya riƙe ƙafa ko? Ni abin da ya tsaya min kenan.

Fa'iza:
Dan Allah Malam ina da tambaya, ni ɗaliba ce mun taɓa ta a aji amma a gurguje. Na lura a farkon waƙar yana cewa kar ki zarge shi, kin faɗi gaskiya amma ba ya ji, ki bi shi da lallami, gaba ɗaya da "shi" yake magana kaman wani yake karewa a gaban alƙali, sai can tsakiya inda ya ambaci Bagadaza kawai ya koma "ni". Meye hikimar? Sannan wa yake ce wa kar ki zarge shi ɗin, matar ce? Don naji wani yace da zuciyarsa yake. Kuma me ya sa yake kiran matar da lamirin namiji, wannan ya ɗaure min kai.

Malam Tukur:
Madalla da tambaya Fa'iza, Allah ya yi albarka. Wannan juyawar daga lamiri zuwa lamiri malaman balaga suna ce mata iltifati, amma a nan ba ado ba ce kawai. Duk inda yake kawo uzuri da falsafar arziki da "shi" yake magana, ya tsaya nesa da kansa don ya iya kare kansa. Da ya zo kan fuskarta sai nisan ya gagara, yace na bar wa Allah amanar wani wata nawa a Bagadaza, a Karkh. Daga nan har ƙarshe ba lauya kuma, mai laifi ne ke magana.

Batun lamirin namiji, ai ya kira ta wata ne, kuma wata a Larabci namiji ne rana mace, daidai da Hausa, mu ma cewa muke wata ya fito rana ta faɗi. Sai ya ci gaba da bin kalmar, ga shi kuma tsohuwar al'adar mawaƙan Larabawa ce su sakaya mace haka. Amma ku dubi inda yace watan nasa yake fitowa, daga wajen maɓallan riga. Wato wuyan rigarta shi ne sararin da fuskar ke ɓullowa. Mutumin da ke ƙarshen duniya bai tuno kogin Dijla ba bai tuno kasuwannin Karkh ba, maɓallin rigar matarsa ya tuno. Abdul wannan ba maganar wanda ba ya so ba ce, sai wanda ya daɗe yana kallo daga kusa.

Wa yake ce wa kar ki zarge shi, ni na fi karkata ga matar, don daga baya ya kawo yadda ta riƙe shi da hantsi ranar tafiya hawayensa na zuba nata na zuba. Masu cewa ransa yake nufi suna da hujja tunda nafs a Larabci mace ce, kuma ba abin mamaki ba ne mutum ya yi shekaru shi kaɗai har muryar matarsa ta zama ita ce muryar da ke zarginsa a ciki.

Fa'iza:
Allah ya ƙara ilimi Malam. Maɓallin nan ya gama da ni.

Nura Kwari:
Ni fa inda waƙar ta ban haushi shi ne wajen da yake cewa Allah ya riga ya raba arziki, wahalar mutum ba ta ƙara masa zamansa ba ya rage masa, wai kwaɗayi zalunci ne. Toh sai mu naɗe hannu? A Suratul Mulk aya ta 15 ba cewa aka yi ku yi tafiya a sassanta ku ci daga arzikinsa ba? Ga baitocin da ake jingina wa Imamu Shafi'i yana cewa a yi tafiya, ruwa ma in ya tsaya wuri ɗaya lalacewa yake. Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Gwanja sayo goro wata da watanni fa, duk marasa son matansu ne? Ni da kaina sai da na yi shekara shida a Legas kafin na samu rumfa a nan.

Malam Tukur:
Ba wa'azi yake maka ba Malam Nura, kansa yake yanka. Ka duba wa ke faɗin maganar da kuma yaushe. Da mai kuɗi ne zaune a kan kilishi yake ce wa talaka arziki rabo ne, da ni ma na ji haushi. Wannan kuwa mutum ne da ya gama yawon ya ga ƙarshensa, yana maimaita wa kansa abin da na tabbata ita ta sha gaya masa a ɗaki. Shi ya sa tun a baitin farko ya sallama cewa gaskiya ta faɗa. Kuma maganar larura da ka kafa hujja da ita, ka ji abin da ya biyo baya, yace ba zan yi wa Allah ƙarya ba rigar uzurina ta yage faci kawai nake mata, a wata ruwayar rigar haƙuri. Sai yace an ba ni mulki ban iya riƙe shi ba, kuma duk wanda bai iya riƙon mulki ba tuɓe shi ake. Talakan da ke cewa ba shi da komai ne fa yake kiran abin da ya baro mulki. Har yace masu ce masa ka ɗanɗani rabuwa yana ba su amsa da laifina ne ban musa ba.

Hajiya Binta:
'Ya'yana sannunku da muhawara, jikata ce ke karanta min tana rubuta min. Ni abin da na lura baiti wajen arba'in duk shi ke magana, ita ko kalma ɗaya ba a ji daga bakinta ba, sai dai yace ta zarga ta roƙa ta yi kuka. Shekara dubu ana tausaya masa ita ko sunanta ba a riƙe ba. Ya mutu ya huta an samu takarda a kansa, ita fa wa ya je ya gaya mata, bayan wata nawa? Ku tuna labarin Sayyidina Umar da yake zagayen dare a Madina ya ji wata mata ita kaɗai a ɗaki tana rera baitoci, dare ya yi mata tsawo mijinta yana wajen yaƙi, tana cewa tsoron Allah ne kawai ya riƙe ta. Bai ce ta yi rashin kunya ba, zuwa ya yi ya tambayi 'yarsa Nana Hafsa wata nawa mace ke iya haƙurin rashin miji, daga nan ya sa doka kar a riƙe soja a fagen fama fiye da haka, wasu sun ce wata huɗu wasu shida. Jihadi fa kenan ba neman kuɗi ba. Ni mahaifinmu ɗan ci-rani ne, kaka na wucewa zai ɗau sanda da buta sai damina, amma shi an san ranar dawowarsa, hadarin farko in ya haɗo Inna za ta fara share ɗakinsa. Na yanzu ba rana ba wata.

Maman Ilham:
Hajiya Allah ya saka da alheri, ki sa ni a addu'a. Wannan na ba rana ba wata shi ne ciwon. Da zai ce min watan kaza ko da shekara ce zan ƙirga. Kullum sai dai in na haɗa kaza, in ya haɗa kuma sai wani kazan ya fito. Ilham ta shiga aji ɗaya bai gani ba, ranar nan a bidiyo ta ce masa kawu.

Nura Kwari:
Innalillahi. A gaskiya wannan ba daidai ba ne, ni ko a Legas duk sallah ina gida. Na yarda akwai bambanci tsakanin mai nema da wanda nema ya zame wa ciwo. Amma har yanzu ban yarda ace Ibn Zuraiƙ bai so matarsa ba.

Abdul Gwammaja:
A'a yaya Nura ni ma na sauka daga kan wannan, maɓallin Malam ya sauke ni. Na sake saurara yanzu bayan la'asar, inda yake cewa shimfiɗa ba ta karɓarsa kuma ya san ita ma tata ba ta karɓarta tun da ya tafi. Ya san halin da ya jefa ta kenan. Abin da ban sauka a kai ba shi ne, ko da sarkin ya cika masa jaka da zinariya ya koma Karkh, ni ina ganin wata uku ya yi yawa zai sake ɗaura sirdi. Shi ya faɗa ba ni ba. Kuma yana ban tsoro don nima akwai mai min maganar biza tun azumi, ga bikina saura wata biyar.

Malam Tukur:
A ƙarshen ƙasidar ma bai yi alkawarin zai zauna ba in ka lura, fata kawai ya yi ko dararen da suka ramar da su su sake haɗa su, in kuma mutuwa ta riga ɗayansu toh ya za a yi da hukuncin Allah. Ko a nan bai ce in na dawo na dawo kenan ba.

Ɗan Damagaram:
Don ya san kansa ne Malam. Tunda an zo nan bari in faɗa muku gaskiya, na riga na biya kuɗin mota zuwa Agadas, ranar Litinin ta sama ake fita. Tebur na bar wa ƙanena.

Hajiya Binta:
Ɗana ita ta sani?

Ɗan Damagaram:
Ban faɗa mata ba tukuna Hajiya. Jiya na shiga da niyyar faɗa na tarar tana yi wa yaron wanka tana masa waƙa sai na kasa. Amma ina ga ta gane, don na ga ta sauko da jakar ta wanke bargon ta shanya.

Maman Ilham:
Yayana dan girman Allah ka faɗa mata yau da bakinka kar ta ji a bakin 'yan tasha. In ta roƙe ka ka zauna ka saurare ta har ta gama kar ka tashi kana cewa ana jiranka. In kuma dole sai ka tafi ka yanka mata wata, ka faɗa a gaban mahaifiyarka da nata iyayen, ka ce watan kaza zan dawo ko da me na samu ko ban samu ba.

Ɗan Damagaram:
Toh. Bari in dawo daga isha'i, yaron ya yi barci tukuna.